Sanarwar Rasuwa da Zaman Makoki

Sanarwar rasuwa ita ce isar da labarin mutuwar mutum ga danginsa da maƙwabtansa da sauran jama'a, haɗe da faɗin wuri da lokacin da za a yi masa sutura. A ƙasar Hausa ba a kwana da gawa sai da lalura. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Wanda ya cika cikin dare, da hantsi ake kai shi. Wannan gaggawa ita ta tsara sanarwar. Gajeriya ce, babu tarihin mamaci a cikinta, babu yabo, aikinta ta tara masu wanka da masu haƙa da masu salla cikin 'yan sa'o'i. Ta sha bamban da wadda aka saba gani a jaridun kudancin Najeriya, inda gawa kan yi makonni a ɗakin ajiya na asibiti kafin dangi su tsayar da rana, su buga hoto da jerin sunayen 'ya'ya da jikoki. Al'ummar da tsarinta ya fi kusa da na Musulmi a wannan fanni ita ce ta Yahudawa, domin su ma addininsu ya hana jinkirta binnewa.

Hukuncinta a Musulunci

Hadisai sun zo ta fuska biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai mutuwar Najjashi, Sarkin Habasha, a ranar da ya rasu, cikin shekara ta 9 bayan Hijira, ya jera su sahu ya yi masa kabbara huɗu. Shekara guda kafin nan shi ne ya faɗa wa mutanen Madina shahadar Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi da Abdullahi ɗan Rawaha a yaƙin Mu'uta. Da aka binne mai sharar masallaci ba a gaya masa ba, bai ji daɗi ba, ya sa aka nuna masa kabarin ya yi salla a kai. A ɗaya fuskar kuma, Tirmizi ya kawo daga Huzaifa ɗan Yaman cewa an hana shelar mutuwa, malamai suka fassara hanin da irin ta zamanin jahiliyya, inda mahayi kan zaga ƙabilu yana kirari da ƙirga bajintar mamaci.

Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1148, ya haɗa ruwayoyin ya kasa lamarin uku: sanar da dangi da abokai da mutanen kirki sunna ne, tara jama'a don alfahari makaruhi ne, haɗawa da kururuwa kuwa haramun ne. Muhtasar na Halil, littafin da ya zama madogarar alƙalai da malaman zaure a Kano da Katsina da Zazzau, ya ƙirga ɗaga murya da shelar mutuwa a cikin masallaci ko a ƙofarsa cikin makaruhai, amma ya halatta a bi majalisun mutane a faɗa musu a hankali. Wanda ya san yadda lasifikar masallaci ke aiki a yau zai ga tazarar da ke tsakanin littafin da abin da ake yi. Masu halatta ta suna kafa hujja da cewa abin da aka ƙi shi ne alfahari, kuma yawan masu salla alheri ne ga mamaci.

Yadda labari ke tafiya a karkara

Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, misali ne mai kyau na wurin da sanarwa ke da aiki mai yawa. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, aure da kasuwa kuwa ba su san iyaka ba, don haka rasuwa ɗaya a Rogo Ruma ko Zarewa ko Fulatan tana iya bukatar a aika ƙauyukan jihohi uku. Ga rugagen Fulani a warwatse, ga 'yan ci-rani da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Tun 2024 ƙananan hukumomin biyu su ne ƙasar Masarautar Ƙaraye, kuma rasuwar mai sarauta ko babban malami tana bin tsanin da aka sani: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada.

Ga talaka, sanarwa ta farko ba a shirya ta. Salati da kukan mata daga cikin gida shi ke fara shaida wa maƙwabta. Daga nan babban namiji a gidan ya tura wa liman da mai unguwa, a raba samari: wasu su ɗauki diga da shebur su nufi maƙabarta, wasu su saro itacen rufe kabari, wani ya tafi neman likkafani, wani ya ɗauko makara a masallaci. In da damina ne, yaro ya bi gonaki, mutane su ajiye fartanya su dawo. Kafin babur da waya, ɗan aike kan taka ƙafa ko ya hau keke, kuma dangi na nesa sau da yawa sai ranar kasuwa labari ke riskarsu, bayan an daɗe da rufewa.

Akwai ladabin faɗa. Ba a cewa babba ya mutu. Cewa ake Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko wa'adi ya cika. Jariri kuwa cewa ake ya koma. Ɗan da ke nesa ba a cika faɗa masa kai tsaye ba. Kawunsa zai ce masa: “Ka yi ƙoƙari ka taho yau, jikin Baba ya yi tsanani.” Yawanci mai sauraro ya gane, amma an bar masa hanyar da zai iso gida da sauran ƙarfinsa. Tsohuwa ko mai ciki ko mara lafiya, dattijo ake turawa ya zauna ya yi shimfiɗa da nasiha kafin ya faɗa. Wanda ya ji labari ya yi Innalillahi, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya tambayi ƙarfe nawa za a kai shi.

Wata sanarwar kuma a gaban gawa ake yin ta. Kafin liman ya tayar da kabbara, ko bayan an rufe kabari, wani daga cikin magada kan miƙe ya roƙa wa mamaci gafarar jama'a, ya ce duk mai bin sa bashi ya ga wane, wanda kuma mamacin ke bi ya ji tsoron Allah ya kawo. Tushen wannan shi ne hadisin da Annabi ya dakata da yi wa wani salla saboda bashin 'yan dinarai, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A wurin da yawancin rance da jingina da cinikin amfanin gona da baki ake ƙulla su, wannan kira shi ne abin da ya fi kama da rufe lissafi a gaban shaidu.

Jarida, rediyo, waya

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ba za ta iya kiran kowa jana'iza ba, domin kafin ta fito an yi sadakar bakwai. Jarida a ƙasar Hausa ta tsaya ne a ta'aziyya da tarihin manya. Rediyo shi ya dace da al'adar. Gidan rediyon Kaduna, da ya fara aiki a 1962, da Rediyon Kano, da tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom da aka buɗe a Kano a 2003, sun mayar da sanarwar rasuwa abin da kunne ya saba da shi: sunan mamaci da unguwarsa, lokacin jana'iza, 'ya'ya nawa ya bari, sannan sunan wanda ya ba da sanarwar a madadin iyali. Wayar hannu, da ta shigo Najeriya a 2001, ta kusa kashe aikin ɗan aike.

Ko mai mulki bai tsira daga gaggawar ba. Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja ranar 8 ga Yuni 1998, a ranar aka binne shi a Kano. Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu da safiyar Juma'a 6 ga Yuni 2014, da yamma aka kai shi makwancinsa a Gidan Nasarawa. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya cika daren 5 ga Mayu 2010, washegari aka yi masa salla a Katsina. Muhammadu Buhari, da ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, sai 15 ga wata aka binne shi a Daura, saboda ɗauko gawa daga wata ƙasa.

WhatsApp da Facebook sun ƙara sauri, sun kuma rushe wani ɓangare na ladabin da aka ambata. Yanzu 'ya takan ga hoton mahaifinta a shafin wani kafin kawunta ya kira ta, kuma an sha yaɗa mutuwar mutanen da ke raye. Wannan asara ce ta gaske, domin tsohon tsari ya san wanda ya kamata ya fara ji da bakin da ya kamata ya faɗa masa.

Kwanakin zama

Sanarwa tana buɗe ƙofar zaman makoki. Maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a zaure, mata a ciki. Mai gaisuwa ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce “Ya haƙuri?”, a amsa masa da godiya ga Allah, ya ɗan zauna ya tashi. Maƙwabta ke kawo abinci, bisa umarnin da Annabi ya yi na a dafa wa iyalan Ja'afaru. Shari'a ta iyakance makoki ga kwana uku, sai matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da ciki. Ba ado, ba turare, ba kwana a wani gida.

Al'ada ta ƙara sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, inda ake tara malamai a yi addu'a a raba gumba ko waina. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya keɓe babi ga jana'iza a littafinsa Ihya'us Sunna, malamai ke sukar abubuwan da aka cusa cikin sha'anin mutuwa. Ƙungiyar Izala, da Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta ɗauki waɗannan ranaku a matsayin bidi'a, yayin da yawancin malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya ke ganin su sadaka ce da ladanta ke isa ga mamaci. Saɓanin ya shiga cikin sanarwar kanta: in an ji iyali sun ce an yafe zaman makoki, ko za a tashi ranar uku, ko kuma za a yi addu'ar bakwai ran kaza, an san inda gidan ya karkata. Tsadar ciyar da baƙi ma ta taimaka wajen gajarta zaman.

A wurin Yahudawa

Ba a san ƙasar Kano da al'ummar Yahudawa mazauna ba. Waɗanda labarinsu ya taɓa tarihin Kano su ne na Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, waɗanda zamansu ya watse wajen 1492 a hannun Shaihu Magili, malamin da ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kamannin da ke tsakanin al'adun biyu ya samo asali ne daga hukunci iri ɗaya. Attaura ta hana a bar gawa ta kwana, malaman Yahudawa kuma suka halatta jinkiri kawai in don girmama mamaci ne, kamar jiran ɗansa ko neman likkafani, ko in Asabar ta shiga, domin ba sa binnewa a ranar. A Birnin Ƙudus har cikin dare ake jana'iza. Rabbi Obadiya Yosef, babban malaminsu, ya rasu ranar 7 ga Oktoba 2013, a yammacin ranar dubban ɗaruruwan mutane suka raka shi. Rabbi Hayim Kaniyebski kuwa ya rasu ranar Juma'a 18 ga Maris 2022, sai Lahadi aka binne shi a Bine Barak saboda Asabar.

Wanka da sutura aikin wata ƙungiyar sa-kai ce da ake kira hebra kadisha. Wadda aka kafa a Firag a 1564 ta zama abin koyi ga sauran garuruwan Turai. Likkafanin fari ne mara ado ga mai kuɗi da talaka. Talmud, littafin koyarwar malamansu, ta jingina wannan ga Rabban Gamaliyel, wanda ya yi wasiyya a binne shi cikin yadi mai araha a lokacin da tsadar sutura ta sa talakawa ke gudu su bar gawarsu.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda suka ƙi jinin mutum ya zama mai kawo mummunan labari da bakinsa, har suka ƙirƙiro hanyoyin faɗa ba da magana ba. A Babila ta zamanin Talmud ƙaho ake busawa, wanda ya ji ya ajiye sana'arsa har a binne. Shulhan Aruk, kundin fiƙihunsu da Yosef Karo ya rubuta aka buga a Benis a 1565, ya ambaci al'adar zubar da ruwan da aka ɗebo a gidajen da ke maƙwabtaka da gidan rasuwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masu sharhi suka bayar shi ne mai wucewa ya ga ruwa a ƙofa ya gane. A da, a garuruwan Jamus da gabashin Turai akwai mai bi gida-gida da asuba yana ƙwanƙwasa ƙofa da guduma ta katako don tayar da mutane ibada. Ranar da aka yi rashi sai ya rage bugu ɗaya. Sun kuma hana a gaya wa mai ciwo mai tsanani rasuwar ɗan'uwansa. Kundin Shulhan Aruk ya tafi har ga cewa ba dole ba ne a sanar da wanda bai ji ba, sai dai an saba sanar da 'ya'ya maza don su yi wa mahaifi addu'ar Kadish.

A Isra'ila ta yau sanarwar takarda ce fara mai baƙin gefe, da sunan mamaci cikin manyan haruffa, da sa'ar jana'iza, da maƙabarta, da gidan da za a zauna. Ana manna ta a ƙofar gida da allunan unguwa. A unguwannin masu tsananin riƙo da addini, irin su Meya She'arim a Ƙudus, inda gidaje da yawa ba su da talabijin ko intanet, bango shi ne jarida, kuma mota mai lasifika kan zaga tana shelar jana'izar babban malami. Ba a cika sa hoto ba. Wanda ya ji labari yakan furta yabo ga Allah a matsayin Alƙali na gaskiya, gajerun haruffan wannan yabo kuma su ake sawa a saman takardar. A Ingila, jaridar Jewish Chronicle, da aka kafa a 1841, ta daɗe tana da shafin irin waɗannan sanarwoyi, kuma a can akan gai da mai makoki da yi masa fatan tsawon rai. Furanni ba al'adarsu ba ce. Sadaka ake nema da sunan mamaci.

Makoki ya wajaba a kan dangi bakwai: uba, uwa, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, da miji ko mata. Kowannensu yana keta rigarsa a ƙirji, ta hagu in iyaye ne, ta dama in sauran ne, yagaggiyar rigar kuma ita kanta shaida ce ga duk wanda ya gan shi. Bayan binnewa sai shib'a, zaman kwana bakwai, wanda suke dangantawa da makokin da Annabi Yusufu ya yi wa Annabi Yaƙubu. Ana zama a ƙasa ko a gajeriyar kujera, a rufe madubai, ba aski, ba takalmin fata, ba fita aiki. Abincin farko maƙwabta ke kawowa, yawanci burodi da dafaffen ƙwai. Mai gaisuwa ba ya fara magana sai mai makoki ya fara, koyi da abokan Annabi Ayuba. Ranar Asabar tana cikin lissafi amma ba a bayyana baƙin ciki a cikinta, babban idi kuwa in ya shigo yana yanke zaman. Sai sassauƙan makoki har cikon kwana talatin, gwargwadon abin da Attaura ta ce an yi wa Annabi Musa da Annabi Haruna, sannan har cikon wata goma sha biyu ga wanda ya rasa uwa ko uba. Kadish, da ake karantawa wata goma sha ɗaya, da harshen Aramiya take, ba ta ambaci mutuwa ba ko sau ɗaya, kuma ba a yin ta sai mutum goma sun taru. Saboda wannan sharaɗi ne sanarwar Yahudawa ke faɗin lokutan ibada a gidan makoki: neman cikon goma ake yi.

Labarin da ya makara

Duk inda ake binnewa da wuri, dole wani ya ji a makare, kuma fiƙihun ɓangarorin biyu ya tanadi hukunci. A wurin Yahudawa, in labari ya iso cikin kwana talatin da rasuwa, mai makoki zai zauna bakwai ɗinsa cikakke daga ranar da ya ji. In ya wuce talatin, ɗan lokaci kaɗan zai zauna a ƙasa ya cire takalmi, shi ke nan, sai dai in iyaye ne zai keta riga. A mazhabar Malikiyya ba a yi wa wanda ba ya nan sallar gawa, domin malamanta sun ɗauki ta Najjashi a matsayin abin da ya keɓanta da Annabi. Wanda ya makara addu'a ce tasa. Takaba kuma daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba, ta yadda matar da mijinta ya rasu a hanyar Makka zamanin tafiyar ƙasa, labari bai zo ba sai bayan shekara, iddarta ta riga ta cika. Gaisuwa ce kaɗai al'adar Hausa ba ta yanka wa wa'adi ba. Ɗan ci-ranin da ya dawo Rogo da faɗuwar ruwan farko, kafin ya shiga gona, sai ya bi gidajen da aka yi rashi bayan tafiyarsa ɗaya bayan ɗaya.